Karuwa da Mai Cin Hanci: Yadda Hausa Ta Raɗa wa Ɗaya Suna Ta Ƙyale Ɗaya

Abin da ya jawo wannan 'yar takarda wani aikin jarrabawa ne. Wata shekara ina duba fassarar ɗalibai a wata kwalejin horon malamai, an ba su guntun labari da Turanci an ce su juya shi da Hausa. A cikin labarin akwai wata mace mai karɓar maza a ɗakinta don kuɗi, akwai kuma wani ma'aikacin ofis wanda ba ya sa hannu a takardar kowa sai an miƙa masa wani abu. Ɗaliban sun kusa arba'in, amma babu ko ɗaya da ya yi tuntuɓe a kan macen. Kowa ya rubuta karuwa, ya wuce abinsa. Da aka zo kan ma'aikacin kuwa, sai alƙaluma suka rarrabu. Wani ya ce mai cin hanci, wani ya ce mai karɓar rashawa, wani ya ce mai son abin hannun mutane, wani ya ce marar tsoron Allah. Ɗaya ya rubuta ɓarawo, sa'an nan ya soke, da alama ya ga kalmar ta yi wa mai kujera nauyi.

Da fari na ɗora laifin a kan ɗaliban, na ce ƙarancin kalmomi ke damunsu. Da na zauna in rubuta amsar da ni kaina zan yarda da ita, sai na tarar ni ma ba ni da kalma guda tilo da zan kira mutumin nan da ita. Ashe inda suka tsaya, nan harshen ya tsaya. To, abin da na ke so in nuna a nan shi ne, a wajen laifin mace Hausa ta raɗa wa mai yin suna, har sunaye barkatai, masu zafi. A wajen cin hanci kuwa ta ƙyale mai yin ba suna, ta koma kan abin da ya karɓa ta yi ta raɗa masa sunaye, galibinsu masu daɗin ji. Wannan ya shafi mu masu koyar da harshe, gama ta hannunmu kalmomin nan ke bi su shiga bakin masu fassara labarai da masu rubuta littattafai.

Mu fara da karuwa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, waɗanda har yanzu su ne madogararmu a kan Hausar dā, sun fassara ta da kalmomin Turanci masu nufin mace mai sayar da kanta, daga nan kuwa fassarar ta shiga aji ta zauna daram. Ba na zarginsu, sun ba da abin da Turanci ke da shi mafi kusa. Amma Bature in ya ji tasa kalmar, ciniki ya ke ji, watau a biya a tafi. Bahaushe kuwa in ya ce wance karuwa ce, abin da ya fara dubawa shi ne inda ta ke kwana, da wanda ta ke ƙarƙashinsa. Ga mace ta yi aure, auren ya mutu, ta gama idda. In ta zauna gidan ubanta ko na wanta ko na kawunta, masu so suna zuwa zance a zaure, sunanta bazawara, abin da ta ke yi zawarci, babu mai ganin aibinta. In ta ɗauki akwatinta ta tafi wani gari ta kama ɗaki, ba miji ba waliyyi, to, ta zama karuwa a bakin mutane tun kafin wani ya ga namiji ya taka ƙofarta.

Masu binciken al'adu da suka zauna cikin Hausawa duk sun ci karo da wannan. A labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ana ganin yadda karuwanci da bori ke tafiya tare, da yadda mace ke fita daga aure ta faɗa cikinsu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo a Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna mace guda ta kan zaga tsakanin aure da karuwanci fiye da sau ɗaya a rayuwarta, kuma ranar da aka ɗaura mata aure ta koma matar aure kamar kowa. Jerome Barkow, a wata maƙala ta 1971, ƙin kalmar ƙamus ya yi ɗungum, ya zaɓi wata mai nufin macen da a ke nema da lallashi, don ya ga namiji sai ya yi zarya, ya yi kyauta, ita kuwa tana da ikon ta ce ba ta so. Renée Pittin ta ga haka a gidajen mata na birnin Katsina, Barbara Cooper kuma a Maraɗi. Babu abin da suka gano wanda tsohuwa a ƙauye ba ta sani ba, sai dai su sun rubuta, mu kuwa mun bar fassarar ƙamus tana yi mana jagora.

Nahawu ma shaida ne. Ɗafa-ƙeyar da ke jikin karuwanci ita ce ke jikin dillanci da wanzanci da almajiranci, watau kalmomin sana'a da na matsayin mutum a cikin jama'a. Aikatau ɗin da ke rakiyarta kuma irin na wuri ne: ta shiga karuwanci, tana zaman karuwanci, ta fita, ta bari. Abin da a ke shiga a zauna a fita, ai mazauni ne. Ba haka mu ke yi da zina ba. Ita zina aikata ta a ke yi, tana da ranarta da sa'arta, kuma shari'a ta kewaye ta da shinge mai tsawo: shaidu huɗu ko iƙirarin mai laifi, wanda ya jefi wani da ita ba hujja kuwa ya yi ƙazafi, haddinsa bulala 80. Saboda haka mai hankali ba ya saurin ce wa mace mazinaciya. Amma karuwa, wannan kowa ya kan jefa ta ba shaida ko ɗaya, ya tashi ya kama harkarsa, alhali abin da mai ji ya fahimta shi ne zinar. Ba ina wanke karuwanci ba ne, hukuncin abin da a ke yi a gidajen nan sananne ne ga kowa. Abin da na ke nunawa shi ne kalmar tana ɗauke da tuhuma irin ta alƙali, ba ta ɗauke da sharuɗɗan alƙali.

(Bari in ɗan ratse, don na san malaman makaranta sun sha fama da wannan. Tsakanin karuwa da ƙaruwa lanƙwasa guda ce a kan harafi. Keken rubutu ko wayar da ba ta da ƙ ta sha mai da albishir abin kunya, a rubuta wa mutum cewa an sami karuwa a gidan ƙanensa, alhali haihuwa aka yi. Wanda ya ke ganin nacewa a kan haruffa masu lanƙwasa fitinar malamai ce kawai, a ba shi wannan misali.)

Sa'an nan dubi yawan sunayen da aka tara mata. Kowane zamani ya zo sai ya ƙara nasa. Zamanin Turawa ya kawo bariki, daga sunan mazaunin soja, sai ga 'yar bariki da barikanci. Ya kawo kilaki, wadda asalinta kalmar Turanci ce ta ma'aikacin ofis mai rubutu, wanda mu ke kira akawu. Wannan abin lura ne ƙwarai: sunan sana'ar namiji ne, mai albashi a ƙarshen wata, amma da ya shigo Hausa sai ya sauka daga kansa ya hau kan macen da ke cin albashin tare da shi. Shi ya tsira da akawu, wadda muka aro daga Yarbanci, ba ta da wani tabo. Daga Yarbanci kuma a ke jin ashawo a tashoshi da garuruwan kudu. Ga 'yar iska, ga 'yar duniya, ga 'yar tasha, ga ballagaza, ga mai yawon ta-zubar. Shugabarsu kuwa aka ba ta magajiya, sarautar da a tarihin Daura mata masu mulkin ƙasa ke riƙe da ita, wadda kuma har yanzu a ke naɗa wa manyan mata a gidajen sarauta. Mai kai saƙo tsakani yana da suna, kawali. Ɗan daudu da ke dafa abinci a gidan yana da suna.

Saura mutum ɗaya a gidan nan wanda ba a raɗa wa kome ba, shi ne mai zuwa da kuɗin. Kada a ce kwarto, gama kwarto shi ne mai bin matar wani, laifinsa kuwa a kunnen Bahaushe shiga gonar wani namiji ne. Kada a ce farka, wannan ta shafi mace da namiji duka, kuma dangantaka ce mai daɗewa, kamar dadiro. Manemin mata kuwa wani lokaci har da murmushi a ke faɗinta. Mai zuwa ɗakin karuwa dai baƙonta ne, ko saurayinta, ko kuwa kwastoma a bakin 'yan zamani.

Gidajen rediyo da jaridu sun ga kalmar karuwa ta yi kaushi, sai suka koma cewa mata masu zaman kansu. Niyyar kirki ce, amma a ganina gyaran gangar auzinawa aka yi. Tsohuwar kalmar tana ɓoye ma'auninta, sabuwar kuwa ta fito da shi fili ta buga masa hatimi, ta ce zaman kai shi ne karuwanci. To, malamar makarantar da aka yi wa canjin aiki zuwa garin da ba ta da kowa fa? Ma'aikaciyar asibiti fa, ko wadda mijinta ya rasu ta kama haya da marayunta? Duk zaman kansu su ke yi. Mun ɗauki lafazin da ya kamata ya zama na yabo, irin wanda mu ke yi wa namiji in mun ce ya tsaya da ƙafafunsa, mun ɓata shi, har ya zama mace mai mutunci ba ta da yadda za ta faɗi halin da ta ke ciki da Hausa ba tare da ta zagi kanta ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce ta cikin ɗaki. Kalmar ta yi aiki a jikin mutane. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, matan da suka fito taron siyasa da wannan suna aka riƙa jifarsu, ciki har da Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, wadda aka ɗaure sau da yawa. Gaskiya ne akwai matan gidajen magajiya a rassan mata na jam'iyyun lokacin, tun da matan aure suna kulle, amma kalmar ba ta tsaya tantancewa ba, duk wadda ta hau mumbari ta shafe ta. Matan Arewa kuwa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976. A lokutan fari, kamar na shekarun 1970, hukumomin wasu garuruwa sun sha ba da umurni cewa mata marasa aure su yi aure cikin 'yan kwanaki ko su bar gari. A Maraɗi, cikin Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin wani bikin nuna tufafi da aka shirya a yankin Yamai ta ƙare a kan mashaya da gidajen matan nan. Abin mamaki, hadisin da Ibn Majah ya ruwaito a kan musibun da ke bin zunubai, annoba ya danganta da bayyanar alfasha, fari da tsanani ya danganta su da tauye mudu, hana ruwan sama kuwa da hana zakka. Ni dai ban taɓa jin an ba masu tauye mudu kwana bakwai su bar gari ba. Dalili ɗaya, a ganina, shi ne ita macen tana da suna da unguwa da ƙofa, ana iya aika dogari.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. Rashawa daga Larabci muka aro ta. Larabci kuwa bai tsaya ga sunan abin ba, daga saiwar nan guda ya fitar da sunan mai bayarwa, da na mai karɓa, da na mai shiga tsakani, kuma biyun farko suna cikin sanannen hadisin la'ana da kowane ɗalibin zaure ya sani, na ukun yana cikin wata ruwayar. Malamanmu sun karanta su ɗaruruwan shekaru. Duk da haka abin da ya ƙetaro cikin Hausar yau da kullum shi ne rashawa kaɗai, sunayen mutanen suka tsaya a cikin littafi. Ba kuwa don Hausa ba ta iya ɗaukar irinsu ba ne. Ta ɗauki azzalumi da munafuki da fasiƙi ɗungurungum. Inda ba ta ɗauka ba ta ƙera nata da ɗafa-goshin nan da ya ba mu maƙeri da maɗinki da maroƙi: daga zina ta yi mazinaci, daga ha'inci ta yi maha'inci, daga zamba mazambaci, daga cuta macuci. Har maci amana muna da shi, da jam'insa maciya amana. A kan ga maciya hanci jefi-jefi a jarida, amma ba ta kama ƙasa ba, ba za ka ji yara suna zagin juna da ita a dandali ba. Abin da mu ke da shi tabbatacce shi ne mai cin hanci, kuma wannan siffantawa ce ta aiki, kamar mai cin goro. Yau ya ci, gobe bai ci ba, jibi ya zama Alhaji wane. Karuwa kuwa ko barci ta ke yi karuwa ce.

Inda Hausa ta yi wadata a wannan fage shi ne sunan abin da a ke miƙawa. Gaisuwa, goro, tukwici, hasafi, alheri, ihsani, na cefane, ɗan abin shan ruwa, la'ada, kamasho. A duba su ɗaya ɗaya, babu wadda aka ƙera don laifi. Kowace tana da gidanta na halal. Gaisuwa ita ce abin da na ƙasa ke kai wa na sama don girmamawa. Tukwici na ɗan aike ne da ya kawo kyauta ko albishir. La'ada haƙƙin dillali ce. Goro kuwa da shi a ke neman aure, da shi a ke raɗa suna. Mai ba da hanci aron rigarsu ya ke yi, kuma amfanin aron shi ne kada a kama kowa. In ɗan kwangila ya ce ya je ya gai da Darakta, ko an kai shi gaban alƙali bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi kome ba. Mai karɓa ma ba ya cewa a ba shi, sai ya ce yara ba su karya ba, ko ya ce takardar tana bukatar a ɗan duba ta.

Wannan aro ba na jiya ba ne. A cikin Kitab al-Farq, littafin da a ke danganta wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Mervyn Hiskett ya buga da fassara a 1960, an jera al'adun mulkin sarakunan Haɓe da a ke suka, aka kira waɗansu da sunayensu na Hausa a tsakiyar Larabci, gaisuwa kuwa tana cikinsu. Watau mai littafin ya ga sai ya kama kalmar da kanta ya nuna abin da ke ƙarƙashinta. Bayan shekara ɗari da ɗoriya maganar ba ta mutu ba. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa ya nemi a gyara mulkin En'e, ya ambaci cin hanci cikin manyan cututtukansa. A 1952 Sarkin Gwandu ya kawo batun a Majalisar Sarakuna. A 1964 M. G. Smith ya rubuta maƙala a kan tushen abin a tarihin mulkin Hausawa. Duk wanda ya taɓa batun sai ya yi karo da tambaya guda, watau ina gaisuwa ta ƙare, ina hanci ya fara, harshen kuwa bai taimake shi ba, don kalma ɗaya ya ba shi ga duka biyun.

Akwai kalma guda da ta haɗa fagagen nan biyu da na ke magana a kai, ita ce toshi. Toshi shi ne kyautar da saurayi ke kai wa budurwa, musamman da salla. Toshiyar baki kuwa abin da a ke ba wanda ya ga laifi don kada ya faɗa. Cikin duk kalmomin hanci, ita ce mai gaskiya, don ta faɗi aikin da kuɗin zai yi. Ta fi cin hanci kanta, wadda ta daskare har babu mai jin ta ya tuna da hancin da ke fuska. Almundahana ma tana da labari mai daɗi. Asalinta na Larabci daga saiwar da ke nufin mai ne, na shafawa, ma'anarta can kuwa sassautawa da daɗin baki a inda ya kamata a tsaya a kan gaskiya. Da ta zo Hausa sai ta yi nauyi ta zama maguɗi da dukiya, musamman ta jama'a. Ita ma dai ba ta haifi sunan mai yi ba.

A nan ina da ƙorafi a kan masu fassara. Kullum a rediyo a kan ji cin hanci da rashawa, a haɗe kamar tagwaye. A ganina an jera su ne don su yi daidai da tagwayen kalmomin nan na Turanci da a ke faɗa tare, ta farko mai nufin hanci, ta biyu mai nufin lalacewar amana kowace iri ce. Amma cin hanci da rashawa abu ɗaya ne aka faɗa sau biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci. Rabin ma'anar ya zube a hanya. Sa'ad da aka kafa hukumar ICPC a 2000, da EFCC a 2003, da HALCIA a Nijar a 2011, mai sauraro ya ji an ce za a yaƙi cin hanci da rashawa, sai ya fahimci ɗan sandan kan hanya da akawun kotu. Wanda ya ba ƙanen matarsa kwangila, ko ya sa sunan ɗansa cikin waɗanda aka ɗauka aiki ba jarrabawa, bai ci hancin kowa ba, saboda haka ya ji maganar ba da shi a ke ba. Abin da ya yi yana da suna a Hausa, sai dai sunan na yabo ne: alfarma. Ya yi wa ɗan'uwa alfarma, ya riƙe zumunci. Wanda aka yi wa kuwa a ce yana da hanya, ko yana da uwa a gindin murhu. Wanda ya ƙi yi shi ne mai sunan banza, a ce ba shi da kirki, ba a cin arzikinsa.

Lalle ba zan ɓoye ba, zamanin nan ya kawo kalmomi masu haƙora. Handama da babakere, wawura, sama da faɗi, rub da ciki a kan dukiyar jama'a, kashe-mu-raba. Har sunayen masu yi sun fara fitowa, mahandama da ɓarayin biro. Wannan ci gaba ne, kuma 'yan jarida da mawaƙa ne suka yi aikin. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, satar baitulmali su ke nufi, ba hancin da a ke karɓa hannu da hannu ba. Na biyu, kusan kullum a jam'i su ke zuwa, kuma a kan mutanen nesa, waɗanda ke Abuja ko gidan gwamnati. Da wuya ka ji an nuna maƙwabci an ce wane mahandami ne, yadda a ke nuna ƙofa a ce wance karuwa ce.

Adabinmu ya bi sawun harshen. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum a kan karuwa. Hamisu Yadudu Funtuwa ya yi tasa ya kira ta uwar mugu, Aƙilu Aliyu ya yi tasa ya kira ta 'yar gagara. Sa'adu Zungur, a waƙarsa ta jumhuriya da mulukiya, ya lissafa karuwai da 'yan daudu da magajiya cikin abubuwan da za su kunyata Arewa. A wasan Shu'aibu Maƙarfi, Jatau na Kyallu, karuwa ce ta shiga gidan attajiri ta rushe shi. Waƙoƙin nan gwanaye ne, ba na rage musu kome ta wajen fasaha, kuma mun daɗe muna koyar da su. Amma ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa dalilin da ya sa suka yi ƙarfi haka. Mawaƙin ya tarar da mutum a tsaye, mai suna, mai tufafi, mai irin tafiyarta, ga tarin kalmomi a ajiye, aikinsa ya zaɓa ya jera. Wanda ya so ya yi wa mai cin hanci irin wannan, sai ya fara ƙera mutumin tukuna, don harshe bai ajiye masa shi ba, sa'an nan kuma mai yiwuwa mutumin shi ne alƙalin garin ko mai biyan albashin mawaƙin. Sai a 1982, a Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, muka sami ƙagaggen labari da ya zauna a kan attajirin fasa-ƙwauri da ma'aikatan da ya saye, ya ba su fuska. A 1990 kuma Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne, ta ɗauki tsohon labarin nan na mai gida da ya auro karuwa, amma ta juya fitilar ta haska mijin.

Akwai lafazi guda da ya fi kowane tona asirin wannan rabo. In ɗan siyasa ya yi ta tsalle daga jam'iyya zuwa jam'iyya don abin da zai samu, aka so a yi masa zagin da zai ji a jikinsa, me a ke cewa? Karuwancin siyasa. Duk kalmomin hanci da na lissafa babu wadda ta isa ta yi masa rauni, sai an je gidan magajiya an aro.

Abin da na ke roƙon malaman kwalejoji shi ne kaɗan. In ɗalibi ya fassara kalmar Turancin nan ta mai sayar da kanta da karuwa, a karɓa, amma a tambaye shi ko kowace karuwa ce za a mayar da waccan kalmar in an juya fassarar, don ya ga ba su yi daidai baki da baki ba. In ya fassara lalacewar amana da cin hanci da rashawa, a sa shi ya karanta abin da mutumin cikin labarin ya aikata, sa'an nan ya zaɓa tsakanin hanci da almundahana da cin amana da son kai. Kuma tun da ɗalibanmu daga ko'ina su ke zuwa, Sakkwato da Katsina da Zazzau da Bauci da Damagaram, a sa kowa in ya tafi hutu ya rubuto kalmomin da a ke faɗa a tashar garinsu da ƙofar kotu da ofishin ƙasa sa'ad da za a miƙa abin nan, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da jimlar da kalmar ta fito a ciki. Jimlar ita ce muhimmiya, don irin waɗannan kalmomi in an tsame su daga jimla aka sa a ƙamus, gaisuwa gaisuwa ce kawai, goro kuwa ɗan itace.